Safar Ijja

"Ba zan ƙara buɗa shi ba," in ji Moha. "Ko da kaurin farce."

Addi ya ce ai bara ma haka ya faɗa, kuma ya buɗa.

Moha ya ɗaga takalmin ya kara shi da hasken ƙofa. Takalmin hawan ƙanƙara ne na roba mai tauri. Da ja ne, yanzu ya koɗe ya koma kalar ɓawon albasa. Daidai wurin babban yatsan hagu ya kumbura kamar ƙurji, har haske na ratsa shi. Sau uku ke nan Moha yana tsoma wurin a tafasasshen ruwa, ya cusa guntun katako, ya bar shi ya kwana. Ya ce in ya yi na huɗu tsagewa zai yi, kuma ba a shago zai tsage ba, a kan dutsen Tubkal zai tsage, inda babu mai gyara.

"To ba ni wani. Wanda ya fi wannan girma."

"Wannan lamba arba'in da huɗu ne. Ƙafarka arba'in da biyu ce tun muna samari. Dadda, ƙafa kake sawa a ciki ko ɗan rago?"

Wata bakwai kacal Addi ya ba shi. Moha ba ya ce masa Dadda, wato yaya, sai in tsokana yake nema.

Addi ya zauna a kan benci yana kallon katakan zamiya a kan ƙanƙara da ke jingine a bango, da sanduna, da igiyoyi. Shekara ashirin da shida ke nan Moha yana wannan shago na garin Imlil, tun hunturun da ya bar yatsun ƙafarsa biyu a kan dutse. Kafin nan tare suke ja-gorar baƙi. Moha ya ɗingiso ya tsugunna a gabansa, ya ce ya cire safar.

"Ina da alwala."

"Ga buta can."

"La'asar ta kusa."

"Allah ya san inda ruwa yake, ni ma na sani. Cire."

Duk Imlil babu wanda bai san safar Addi ba. Ulu ne na tumaki, saƙar hannu, an lulluɓe ta da fatar akuya mai laushi sama da ƙasa har ta rufe idon sawu. Da asuba yake alwala ya sa ta. Daga nan in salla ta riske shi a kan dutse, sai ya zare takalmi, ya wanke fuska da hannu da ɗan ruwan gorarsa, ya shafa a kan fatar. Ƙafarsa ba ta ganin iska sai ya dawo gida. Matarsa Ijja ce ke yi masa, sabuwa duk shekara.

Ya cire. Da ƙyar ta fita.

Moha ya daɗe yana kallo. A gefen babban yatsan akwai bororo, ya yi shuɗi-shuɗi, girman ƙwayar wake. Ya tambaye shi tun yaushe. Addi ya sunkuya ya duba. Yanzu ya fara ganinsa. Moha ya ce ya kalli rufi, ya ɗauko basillar da yake ɗinkin jaka da ita, ya ce in ya ji wani abu ya yi magana. Addi ya kalli rufi. Akwai yanar gizo a kusurwa. Ya jira.

"To fara mana."

"Na gama," in ji Moha. "Sau uku."

A waje wani yana zagin alfadarinsa.

Moha ya miƙe ya jawo wata leda daga kanta. Safa ce ta kanti, baƙa, siririya kamar ta 'yan makaranta. Ya ce takalmin ba shi da laifi. Safar ce take ƙara kauri duk shekara, tana shaƙe ƙafar, jini ba ya wucewa, kuma ƙafar da jini ba ya wucewa ita ce ke fara daskarewa, komai ulun da aka naɗe ta da shi. Ya ce shi ma safa biyu ya sa a ranar da ya rasa yatsunsa. Da wannan siririyar, takalmin zai zauna daidai, har da sauran wuri.

"Salla fa?"

"Ka yi taimama a kan dutse kamar kowa. Duwatsu sun ƙare ne a can?"

Addi ya ce shekara talatin da tara bai taɓa hawa da wata safa ba, wannan ce ta arba'in, kuma ba a ta arba'in zai fara sa kayan yara ba. Moha ya ce to ya je ya gaya wa Ijja ta rage zare. Addi ya kalle shi. Moha ya kau da kai, don ya san abin da ya faɗa.

Da zai fita, Moha ya jefa masa ledar a cikin hular jallabiyarsa ta baya, inda yake ajiye burodi da dabino. Ya ce: "In yana ciwo, ka gode wa Allah. Ranar da ya daina ciwo, ka zauna ka duba."

Addi ya ce bakinsa ya sari dutse. Bai cire ledar ba.

Hanyar Armed, ƙauyen su Addi, hawa ce, rabin awa tsakanin itatuwan gyaɗar bishiya da suka zubar da ganye. Ya hau ba tare da haki ba. Wannan ne ma abin haushin. Tun da aka kaɗe gyaɗa yake shirin hawan Tubkal. Kullum bayan asuba sai ya goya buhu mai duwatsu kilo goma sha biyar, ya hau har farin dutsen Sidi Shamharush, ya dawo kafin rana ta leƙo ƙauye. Taki huɗu, numfashi ɗaya, yadda ya saba. Ya bar suga a shayi, abin da a Armed bai da bambanci da zagin mai gida. Samarin ja-gora masu agogon auna bugun zuciya suna wuce shi a ƙasa, ya cim musu a sama suna zaune. Ƙirji lafiya lau, gwiwa ma haka. Ƙafa ce kawai.

'Yarsa Tuda ce ta kai shi wurin likita a Marrakesh bara. Ciwon suga. Likitan ya ce ya riƙa duba ƙafarsa safe da yamma kamar yadda ake duba fuska a madubi, don mai irin wannan ciwon ba ya jin rauni, kuma raunin ba ya saurin warkewa. Ƙaramin bororo kan ci yatsa, yatsa ya ci ƙafa. Addi ya ce to. Likitan bai tambaye shi aikinsa ba, shi ma bai faɗa ba.

A kwanar da ake hango rufin gidansa ya tsaya. A da ƙanƙara har nan take zuwa. Tana toshe ƙofa sai an haƙa, awaki su yi wata biyu a ɗakin ƙasa suna ɗumama gida. Yana da shekara ashirin da uku shi da Moha suka je Ukaimedan, wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara, da jaki ɗaya, suna ɗauko wa mutanen birni kaya. A can suka tsinci katakan zamiya biyu da aka yar, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, da takalmi guda na fata. Karɓa-karɓa suke yi, wannan ya zame ya faɗi, wancan ya tsaya a kan ƙanƙara da silifa yana dariya. Bayan shekara biyu suna iya sauka daga ƙolin Tubkal har gonakin sha'ir na Armed ba su cire katako ba. Yanzu sai ka ɗora shi a kan alfadari awa huɗu kafin ka taka fari.

A hunturun farkon nan ne aka kawo masa Ijja. Wata rana ya dawo da ƙafa duk ta tsattsage, don ya wanke ta da ruwan rafi a kan dutse saboda azahar. Washegari ta aiki mahaifiyarsa wurin limamin ƙauye da tambaya, aka dawo mata da amsa: in an lulluɓe safa da fata sama da ƙasa, ya halatta a shafa a kai. Ta karɓo ulu a gidan ubanta, ta jeme fatar akuyar da aka yanka ranar bikinsu. Kwana tara ta gama. Ta farkon nan siririya ce, ta zauna masa kamar da ita aka haife shi. Har baƙi sun sha neman ya sayar musu.

Shekara biyar ke nan da yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta bar saƙa ba, da yatsa take gani. Amma tana tsoron kada ta tsallake idon saƙa ɗaya ta bar rami sanyi ya shiga, sai ta riƙa ninka zaren. Da farko biyu. Bana uku. Fatar ma takan ɗinka ta sau biyu a baki don ta tabbata. In ta miƙa masa takan ce ya gwada, ya gwada a gabanta, ya ce daidai. Daga nan ya sauka Imlil wurin Moha.

Ya same ta a tsakar gida tana tsince sha'ir da tafin hannu. Ta tambayi Moha. Ya ce yana nan da bakinsa. Ta tambaya ko takalmin ya gyaru. Ya ce ya gyaru. Ta ce hawan jibi ne ko? Ya ce jibi ne.

Ranar Laraba ya hau zuwa masaukin masu hawa da ke gindin dutsen, alfadarin maƙwabci na ɗauke da katakansa. Alhamis da asuba ya yi alwala da ruwan ɗumi, ya naɗa auduga a kan bororon, ya jawo safar Ijja. Ledar Moha tana aljihun jaka. Ya taka takalmin da dukan nauyinsa kafin ƙafar ta shiga. Maɗauri na biyu ya ƙi kamawa sai da ya danne shi da gwiwar hannu. Ya manna fatun hawa a ƙarƙashin katakan, waɗanda ke hana mutum zamewa baya, ya fita. Wasu mutanen Kasablanka su shida sun riga shi da ja-gorarsu. Ya bi sawunsu, bai matsa kusa ba.

Awa ta farko yatsan ya yi ta zugi, kowane taki kamar ana buga masa ƙusa. Ya ji daɗin hakan, ya kuma ji haushin cewa maganar Moha ce ta sa ya ji daɗin. Taki huɗu, numfashi ɗaya. Ƙanƙarar ta yi tauri, tana ƙara ƙus-ƙus a ƙarƙashinsa. Rana ta taɓa ƙololuwar da ke yamma, ta yi ja, sannan ta yi fari. Ya wuce dutsen da Moha ya taɓa karya sanda a kai, ya wuce inda wata Bafaransa ta zauna ta yi kuka ta ce ba za ta ƙara taki ɗaya ba, kuma ta kai har sama. Duk kwarin nan babu dutsen da bai san shi ba. Ya fara tunanin yadda zai shiga shagon gobe ya ajiye ledar a kan kanta ba tare da ya ce uffan ba.

Yana cikin tsara wannan ne ya lura tafiyar ta yi daɗi. Ta yi daɗi da yawa. Ya yi ƙoƙarin tuna lokacin da zugin ya tsaya, ya kasa.

Ya ci gaba taki ashirin. Ya ce wa kansa ƙafar ce ta saba. Ya gwada motsa yatsun a cikin takalmin. Na dama suka amsa da ƙyar. Na hagu kamar ya aika saƙo gidan da aka tashi.

Daga inda yake ana hango mashigar da ke ƙarƙashin ƙolin. Awa ɗaya da rabi zuwa can, sai wata rabin awa zuwa ƙarfen da aka kafa a sama. Mutanen Kasablanka sun zama ɗige-ɗige shida a kan fari. Ya tsaya yana kallonsu har gumin bayansa ya fara sanyi. Sannan ya kauce zuwa wani dutse da rana ta bugi gefensa, ya cire katakan, ya zauna.

Takalmin ya fita da ƙyar. Ya riƙe bakin safar ya daɗe. Shekara talatin da tara bai taɓa cire ta a kan dutsen nan ba. Ya ja.

Audugar ta jiƙe da jini, ta manne da ulu. Bororon ya fashe tun tuni. Babban yatsan da na kusa da shi sun yi fari fat kamar kyandir, ya danna da farce bai bar alama ba. A idon sawu fatar akuyar ta zana masa layi mai zurfi, kamar inda aka ɗaure buhu.

Bai murza ba, ya san ba a murzawa. Ya zare safar hannu, ya rungume yatsun da tafukansa biyu, ya sunkuya yana hura musu numfashi. Ya buɗe rigarsa ya lulluɓe ƙafar da ita. Ya yi ta zama haka. Wani hankaka mai jan baki ya sauka kusa yana jiran burodi. Addi ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya sake karantawa. Can sai zafi ya taso, kamar an zuba masa garwashi a cikin ƙashi. Ya cije leɓe, hawaye suka zubo masa, ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi har hankakan ya tashi. Yatsa na biyu ya koma ja. Babban ya yi ja a gindi, bakinsa bai dawo ba.

Ya naɗa sabuwar auduga. Ya yage ledar Moha da haƙori. Ya cire safar dama ma, ya ninke su biyun ya sa a cikin rigarsa, a kan ƙirji. Ƙafar ta shige takalmin ba gardama. Maɗauri ya kama da yatsa ɗaya.

Ya sake kallon mashigar. Ɗige-ɗigen sun kusa kai wa. Ya san in yatsan da ya narke ya sake daskarewa, shi ke nan, Moha ma haka nasa suka tafi. Ya ɓare fatun hawa daga katakan, ya naɗe su, ya juya bakin katakan ƙasa.

Abin da bai shirya masa ba shi ne saukar. Rana ta ɗan tausasa saman ƙanƙarar, ta yi laushi kamar man shanu. Ya karkata hagu, katakon ya bi shi tun kafin ya gama niyya. Ya karkata dama, haka. Ya manta cewa haka abin yake, cewa mutum yana jin ƙasa ta tafin ƙafarsa, yana jin inda ta yi tauri da inda ta lotsa. Shekara biyar yana sauka kamar mai tuƙa keken wani, yana ɗora laifin a kan tsufa. Ya saki jiki. Iska ta cika masa baki. Ya ji kamar in ya waiwaya zai ga Moha a bayansa da hularsa mai kore, yana ihu wai ya jira shi. Bai tsaya ba sai a ƙofar masauki. Ya juya ya kalli layin da ya zana tun daga sama, lanƙwasa bayan lanƙwasa, babu inda ya karye. Rabon da ya bar irin wannan sawu tun idon Ijja na gani.

Azahar ta same shi a hanya, ƙasa da Sidi Shamharush. Ya dafa wani faffaɗan dutse da tafukansa, ya shafi fuska, ya shafi hannu. Dutsen da ɗumi. Ya yi sallarsa.

Bai bi ta Imlil ba. A gindin itacen da ke bayan gidansa ya zauna, ya cire safar kanti ya cusa ta can ƙasan jaka, ya mayar da ta Ijja. Ya sa takalmin tafiya bai ɗaure ba. Gobe zai sauka asibitin Asni a duba yatsan, zai ce mata kasuwa za shi.

Ta ji takunsa tun daga zaure. Ta ce ya yi saurin dawowa. Ya ce iska ce ta taso a sama. Ta ce to, dutsen ba gudu zai yi ba. Ta tura masa matashi kusa da kaskon wuta, ta zuba shayi, nasa daban ba suga, sannan ta zauna a ƙasa ta miƙo hannu kamar kullum. Ita ke cire masa safa in ya dawo, ta juya ta, ta shanya a bakin kasko.

Ya miƙa ƙafar dama. Ta zare, ta juya cikin waje, ta matsa a tafinta. Sauran shekaru takan matse ruwa har ya ɗiga. Ta sake matsawa. Ta kai hanci. Ta ajiye a cinya.

Ya miƙa ta hagu. Ta ja a hankali, ta juya. Yatsunta suka bi saƙar layi-layi yadda take yi in tana neman rami, har suka isa baki, inda ulun ya bushe ya yi tauri kamar ɓawo. Nan suka tsaya. Ta kankare wurin da farce, ta murza abin da ya fito tsakanin yatsu biyu. Sannan ta lalubo ƙafarsa. Ta taɓa audugar, ba ta danna ba. Ta zagaya idon sawu, inda layin bai gama ɓacewa ba, ta bi shi da ɗan yatsa har ta dawo inda ta fara.

Garwashi ya fashe a kasko. A ɗakin ƙasa akuya ta yi kuka.

Ta ɗauki safar biyu ta haɗa su, ta auna kaurinsu tsakanin babban yatsa da manuni. Fuskarta na kallon wajen taga, inda take ganin haske kawai.

"Addi," ta ce, "tun wace shekara suka fara matse ka?"